Kwalbar da ke amsa sunan Bajamushe

Ranar Talata ina tsaye a ɗakin gwaji na makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada, 'yan aji shida suna shirin jarrabawar WAEC, sai wata ɗaliba ta ɗaga littafin kemistiri da yayanta ya kawo mata daga Samaru. Ta ce, "Malam, wannan kalmar ta ƙi karantuwa." Na leƙa, na ga Erlenmeyer.

Na ce mata, "Ga abin nan a hannunki." Ita ce kwalbar gilashin nan mai faɗin gindi da siririn wuya, wadda mu nan muka saba kira konikal fulas. Littafin bugun Amurka ne, su kuma can da sunan mai ita suke kiranta.

Ba laifin yarinyar ba ne. Ta koyi cewa "ey" a Turanci ko dai ya fita kamar a they, ko kamar a key, ta gwada duka biyun, babu wanda ya zauna. To ai kalmar ba Turanci ba ce. Sunan mutum ne, Emil Erlenmeyer, masanin sinadarai ɗan Jamus, wanda ya ƙera kwalbar a 1860. A bakin Jamusawa "ey" ɗin nan "ai" ne, sai ka ji kamar an ce Erlanmaya. Shi ya sa ma ko a tsakiyar jimla take, da babban baƙi ake fara ta. Bika, wato kofin awon da ke gefenta, bai samu wannan gatan ba.

Ni abin da ya fi burge ni ma ita kanta kwalbar ce. Riƙe ta a wuya da yatsu uku, asid na ɗiga daga biret, wato dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa, kana juya ta a hankali: ruwan zai yi ta zagaye a gindi, ko ɗigo ba zai fantsalo ba, har launin ya juye daga rawaya zuwa ruwan lemo. Gwada haka da bika ka ga yadda rigarka za ta koma.

Da na ce akwai ire-irenta masu amsa sunan mutane, kamar farantin Petri da ake renon ƙwayoyin cuta a ciki, wanda Julius Petri ya fito da shi a 1887 yana aiki ƙarƙashin Robert Koch, masanin ƙwayoyin cuta ɗan Jamus, sai wani daga baya ya ce, "Malam, su Turawa komai sai sun liƙa sunansu?" Na tambaye shi abin da innarsa ke jefawa a miya. Ya ce magi. Na ce to Julius Maggi, mutumin Suwizalan, yana gaishe ka.

Kalmar fulas kuwa har gobe tana ba ni wahala da 'yan aji huɗu. Da na ce a ɗauko fulas, sai idanu su koma kan tebur ɗina, inda na ajiye na shayi.