Haraji ya tona min asiri

Jiya har ƙarfe ɗaya na dare ni da maigida muna kan tebur, takardu barbaje, shayi ya huce. Bizar karatu gare ni, shekarata ta uku a Amurka, don haka a lissafin IRS, hukumar harajin Amurka, baƙuwa ce ni, fom 1040-NR nake cikewa. Shi ɗan Amurka ne. Ashe za mu iya haɗa takardun harajinmu, mu biyu mu sa hannu a takarda cewa a ɗauke ni mazauniya. Harajin ya ragu, alhamdulillahi. Amma fa sai na bayyana duk abin da ke shigo min, har kuɗin hayar shagon da Baba ya bar min a Kano!

Ya cire tabarau ya dube ni: "Hajiya, dama kina da shago?"

15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, saura kwana huɗu.