Godiya ga duk wanda ya tsaya min har na gama karatu a Italiya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, a makon jiya na kare kundin digirina na biyu a fannin tarihin zane-zane a birnin Florence, malamai suka amince da shi, aka ɗora min kambin ganye irin wanda Italiyawa ke ɗora wa ɗalibin da ya gama. Saƙonnin barka sun fi ƙarfin in bi su ɗaya-ɗaya, shi ya sa na rubuto wannan.

Baba ne farko. Na san maganganun da ya sha a majalisa, ana tambayarsa me 'yarsa take nema a coci-coci, bai taɓa kawo min ko ɗaya ba, wajen Umma nake ji. Abin da kawai ya ce min ranar tafiya shi ne in riƙe sallata, in riƙe mayafina, in yi abin da ya kai ni. Baba, Allah Ya ƙara girma, Ya sa ku gama lafiya kai da Umma.

Ga masu tambayar, ga dalili. Da yawa daga cikin manyan zanen Italiya a jikin bangon coci suke, domin a kan ɗanyen shafen farar ƙasa ake yin su, launin ya bushe tare da bangon. Mai zane yakan shafa iya wurin da zai gama a yini guda, kuma in ka matsa kusa za ka ga gaɓar da aikin jiya ya haɗu da na yau. Hoto a littafi ba ya nuna wannan. A Padua, kafin a bar mu mu ga zanen da Giotto ya kammala wajen 1305, sai da aka zaunar da mu kamar kwata a wani ɗaki mai na'urar daidaita iska, don kada danshin numfashinmu ya ɓata bangon. Muna shiga, kafin wuya ya gaji da kallon shuɗin rufin an ce lokaci ya yi.

Godiya ta musamman ga malaminmu na makarantar allo, wanda na tabbata bai san hannunsa ya kai Italiya ba. Kundina a kan rubutun Larabci ne a zanen coci. A zanen da wani mai zane mai suna Gentile da Fabriano ya yi a 1423, wanda yanzu yake gidan tarihi na Uffizi, da'irar zinaren da ke kewaye da kan Nana Maryamu cike take da baƙaƙe masu kama da Larabci. Abokan karatuna ado kawai suke gani. Ni kuwa ina ganin alif, ina ganin lam, ina kuma ganin ba su haɗa kalma ba, alamar mai zanen ya kwaikwayo su ne daga tasoshin tagulla da yadudduka na ƙasashen Musulmi ba tare da ya iya karatu ba. A Palermo kuwa, a rufin majami'ar fadar Sarki Roger na Biyu, wadda aka keɓe a 1140, Larabcin na gaske ne, ana karanta shi. Malam, bulalarka ba ta tafi a banza ba.

Malamar da ta duba kundina ba ta da sauƙi, babi ɗaya sai ta maido shi ja wur da gyara, amma ita ta rubuta min wasiƙun da suka buɗe min ɗakunan ajiyar da ba a barin baƙi. Na gode mata. Haka dattijon da ke riƙe da makullan wata ƙaramar coci a tsallaken kogin Arno, wanda yake kunna min fitila in tsaya da littafina bayan masu yawon buɗe ido sun watse, ya kuma tuna min in la'asar ta yi. A Rum sai ka jefa tsabar kuɗi a akwati kafin fitilar da ke haska aikin mai zane Caravaggio a coci ta kama, ta yi 'yan mintuna ta mutu. Ƙawata 'yar Sisili ita ce mai tara mana silalla, ita ce kuma ta riƙa ajiye min abincin buɗa-baki da azumi.

Kawu, lokacin da naira ta faɗi, kuɗin haya ya gagara, kai ka rufa min asiri ba tare da kowa ya ji ba, sai yau da na tona. Yaya, kai ka yi ta zirga-zirgar takardu. 'Yan uwanmu na Najeriya da Nijar da ke Florence, kun mai da ni 'yar gida.

Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, yana cikin addu'ata. Ƙannena mata da suka turo tambaya kan neman gurbin karatu da tallafi, zan amsa muku in na dawo gida ƙarshen wata, in sha Allahu. Allah Ya saka wa kowa da alheri.