Godiya ga waɗanda suka zama mini idanu

Alhamdu lillahi. Bayan aikin ido da aka yi mini, wanda ya sa na yi kwanaki fuskata a kife, ina sauraron littattafai maimakon karantawa, likita ya ba da izinin ɗaga kai, iskar da aka sa a cikin idon lokacin aikin ta kusa ƙarewa, layin rubutu ya fara fitowa. Sauran labarin kun san shi, kuma har yanzu a gajiye nake.

Autarmu ta ce kada in ambace ta, amma ba zan iya ba. A dare na uku, ina kife minti 50 a kowace awa kamar yadda aka umarta, sai sautin littafin ya yanke. Ba na ganin allon waya, tsoro ya kama ni cewa haka zan ƙare. Ta zauna a ƙasa daidai inda fuskata take kallo, ta buɗe na takarda, ta ɗora daga jimlar da aka tsaya, muryarta tana rawa. Allah ya haskaka mata duniya da lahira.

Littattafan da kuka turo ba duka suka karɓe ni ba, kuma gara in faɗa domin majinyacin gaba. Labari mai mutum huɗu ko biyar, da babi gajeru, shi ne ya fi shiga kunne. Wanda ya tara mutum ashirin kuwa, ido ne yake iya komawa baya ya duba wane ne wane, kunne ba ya iyawa. Littattafan tarihi biyu na so su ƙwarai, amma shekaru da sunayen sarakuna suna zubewa kafin a kai ƙarshen sakin layi, sai na ajiye su. Wani mai karatun muryarsa kamar ruwan sanyi, sai dai kiɗan da aka sa a ƙarƙashinta yana sa ciwon kai. Muryar na'ura ba ta san karin harshenmu da furucinsa ba: kukan yaro da bishiyar kuka ɗaya ne a wurinta, ƙafa ta koma kafa. PDF ɗin da hotunan shafuka ne kuma, TalkBack, manhajar da ke karanto rubutun allon waya da murya, ba ya karanta shi yadda ya kamata.

Yaya Babba, na gode da ka raba kowane littafi babi-babi, kana faɗin lambar babin a farkon kowane fayil. Mai karatu yakan yi kalma wajen 150 a minti, ke nan littafi mai kalma 90,000 awa 10 ne. Idan fayil ɗaya ne, barci ya ɗauke mutum, wurin ya ɓace. Kai ne kuma ka saita sautin ya riƙa tsayawa da kansa bayan minti 20, ka sauke komai a waya saboda yankewar intanet. Awa ɗaya ta sauti a ingancin 64 kbps ba ta wuce MB 29 ba.

Malaman jinya na dare, Kawu, Inna, Allah ya saka da alheri. Akwai ’yan uwa na jini da na yi ta sauraron sallamarsu har aka sallame ni. Allah ya sa lafiya ce ta riƙe su.

Ya Allah, wanda ya ara mini muryarsa ko ta minti biyar, ka kiyaye masa ganinsa da jinsa, ka yaye wa duk wanda yake kife a daren nan. Amin.