Kafin ka sayi adaftar Wi-Fi don kwamfutar tebur

Yawancin kwamfutocin tebur da ake samu a ofisoshinmu da shagunan buga takardu, musamman na hannu irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, an ƙera su ne don kamfanonin da ke da kebul na intanet a kowane tebur, shi ya sa da yawansu ba su zuwa da Wi-Fi. Mu kuwa intanet ɗinmu galibi daga MiFi yake zuwa, ko daga rautar kamfanin waya, ko daga wayar hannu kanta, saboda haka sai an nemi adaftar da za ta haɗa kwamfutar da wannan na'ura ba tare da kebul ba. Ra'ayina a kan wannan sayayya shi ne, lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya duba, domin abin da ke yanke hukunci shi ne irin rautar da kake da ita, da bangon da ke tsakaninta da kwamfutar, da kuma wurin da eriya za ta zauna.

A fara da rauta. Adafta ba ta ƙirƙirar gudu, abin da aka aiko mata take karɓa, kamar yadda faɗin tulu ba ya ƙara ƙarfin ruwan famfo. Wi-Fi yana da zuriya-zuriya: akwai 802.11n na shekarar 2009, sai 802.11ac na 2013, sai 802.11ax, waɗanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sauƙaƙa sunayensu a 2018 zuwa Wi-Fi 4 da Wi-Fi 5 da Wi-Fi 6. Sabuwar adafta tana aiki da tsohuwar rauta ba tare da matsala ba, amma a kan gudun tsohuwar za su daidaita. Ƙananan MiFi na 4G da yawa Wi-Fi 4 ne, kuma a zangon 2.4 GHz kaɗai suke watsawa, don haka wanda ya saya musu adaftar Wi-Fi 6 mai tsada ba zai ga bambancin da ya biya kuɗinsa ba. Lamarin ya sha bamban ga wanda yake da rautar 5G, ko Starlink da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, ko intanet na faiba, domin a nan tsohuwar adafta ce za ta zama cikas, ta hana shi cin moriyar kuɗin da yake biya duk wata. Juya rautarka ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinta, ko ka duba a wayarka ko tana nuna suna mai alamar 5 GHz. Wannan minti ɗaya ya fi duk bayanin da mai shago zai yi maka amfani.

Lambobin kwali kuwa suna bukatar a karanta su da natsuwa. Adaftar da aka rubuta wa AC1300 ba ta gudun megabit 1300 a daƙiƙa, an tara gudun zango biyu ne, 867 na 5 GHz da 400 na 2.4 GHz, alhali adafta a zango ɗaya take aiki a lokaci guda. Haka AX3000 yake nufin 2402 da 574. Ko waɗannan ɗin ma iyakar abin da ƙa'ida ta ba da dama ne idan na'urorin suna kusa da juna, abin da ke isowa a zahiri yakan gaza haka sosai, kuma sai an raba megabit da 8 kafin a sami megabait ɗin da ake gani lokacin sauke fayil.

Maganar bango ita ce na fi so mutane su tsaya a kanta. Zangon 5 GHz ya fi sauri, ya fi ƙarancin cunkoso, amma ba ya jure ratsa gini, zangon 2.4 GHz ya fi nisa, sai dai tashoshi 3 kacal yake da su waɗanda ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikrowef duk a nan suke. Yawancin gwaje-gwajen da ake gani a intanet ana yin su ne a gidajen Amurka masu bangon katako da allo, mu kuwa da bulo da siminti muke gini, wani wurin har da dakin na kankare mai cike da rodi, ga ƙofofin ƙarfe. A irin wannan gida, siginar 5 GHz da ta cika a falo takan raunana bayan bango biyu. Saboda haka nake ba da shawarar adafta mai zango biyu ko da yaushe, don mutum ya sami zaɓi, kuma kafin saye ya ɗauki wayarsa ya ajiye ta daidai inda kwamfutar take, a ƙasan teburin idan a nan akwatin yake, ya auna gudun da yake samu a kowane zango. Idan waya ba ta samun sigina mai kyau a wurin, matsalar ta wurin ce, kuma matsar da rauta zai fi sayen kowace irin adafta.

Daga nan sai zaɓi tsakanin ta USB da katin PCIe, wanda ake buɗe akwatin kwamfuta a soka shi a jikin babban allonta. 'Yar ƙaramar nan ta USB mai girman farce, irin TP-Link TL-WN725N, tana da arha kuma ta wadatar ga wanda MiFi ɗinsa ke ɗaki ɗaya da kwamfuta, amma iyakarta megabit 150 a zangon 2.4 GHz, eriyarta ƙarama ce ƙwarai, kuma idan aka soka ta a bayan akwatin ƙarfe da ke jingine da bango, an haɗa mata duk abin da ke kashe sigina. Akwai kuma wani abin da ba kowa ya sani ba: kamfanin Intel ya bayyana tun 2012 cewa na'urori da kebul na USB 3.0 suna fitar da hayaniyar lantarki a kusa da 2.4 GHz, wadda ke dagula Wi-Fi idan adaftar tana maƙwabtaka da su. Maganin wannan duka mai sauƙi ne, a sami kebul na ƙarin tsawo na USB, mita ɗaya ko ɗaya da rabi, a ɗora adaftar a kan tebur inda take fuskantar rauta. Wannan kebul, a ganina, shi ne kuɗi mafi albarka da za a kashe a duk wannan harka. Idan adaftar AC1200 ce ko sama da haka, a sa ta a ramin USB 3.0 mai launin shuɗi, domin USB 2.0 ba ya wuce megabit 480.

Ga kwamfutar da za ta zauna wuri ɗaya shekara da shekaru, ni katin PCIe na fi so. Yana da manyan eriya biyu, ba ya saurin ɗaukar zafi kamar ƙananan na USB, wanda ba ƙaramin abu ba ne a watannin bazara, kuma ba mai bi ta gefe ya zare shi a shagon da jama'a ke shiga da fita. Wanda ya fi kyau shi ne mai eriya a kan gindi mai maganaɗisu da dogon kebul, wadda za a iya ɗorawa a saman akwati ko a kan kanta. Sai dai a lura da abu biyu. Siraran kwamfutocin ofis suna bukatar gajeren ƙarfen ɗaurewa, don haka a buɗe kwalin a tabbatar yana ciki kafin a bar shago. Sannan Bluetooth na katin ba ya bi ta PCIe, yana da 'yar wayar da ake sokawa a ramin USB na cikin babban allon kwamfuta, wanda wasu kwamfutocin kamfani ba su da shi.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne cif ɗin da ke cikin adaftar, wato ƙaramin sashen lantarkin da ke sarrafa sigina, domin kamfanoni kaɗan ne ke ƙera shi, irin su Intel da Realtek da MediaTek da Qualcomm, sauran kuwa sutura suke sa masa. Wani lokaci ma samfuri ɗaya yakan canza cif ba tare da ya canza suna ba: fitowar farko ta TL-WN722N cif ɗin Atheros AR9271 ne a cikinta, fitowa ta biyu da ta uku kuma Realtek ne, kuma masu amfani da Linux, tsarin sarrafa kwamfuta da wasu ke sa wa a madadin Windows, sun san bambancin, domin ta farkon tana aiki da zarar an soka ta. A katin PCIe, Intel AX200 da AX210 sun yi suna wajen inganci, direbobinsu, wato manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane su, suna samuwa a Windows da Linux. A kiyaye kada a ruɗe da AX201, wanda sai da wasu allunan Intel na musamman yake aiki. Ga mai Linux da ke son ta USB, cif ɗin MediaTek ya fi sauƙin sha'ani, tun da direbobin da yawansu suna cikin tsarin tun asali.

Batun direba ya fi shafar masu tsofaffin kwamfutoci. AX200 ba shi da direban Windows 7, sai Windows 10 mai bit 64 zuwa sama, ƙarin zangon 6 GHz da AX210 yake da shi kuma, a Windows, sai da Windows 11 da rautar da ke watsawa a wannan zango, irin ta Wi-Fi 6E. Tun da kwamfutar ba ta da intanet tukuna, a sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera adaftar a ajiye a filasha kafin a fara, ko kuma a haɗa wayar Android da kebul na USB a ba kwamfutar intanet na ɗan lokaci. Faifan da ke cikin kwali sau da yawa tsohon direba ne a kansa, kuma kwamfutoci da dama ba su ma da wurin sa faifai yanzu. A duba kuma ko adaftar tana goyon bayan WPA3, tsarin tsaron da aka fitar a 2018, domin wasu tsofaffi ba sa iya haɗuwa da rautar da aka saita a kansa kaɗai.

Duk da haka, idan rautar tana da ramin kebul kuma ana iya jan waya ta gefen bango zuwa teburin, kebul na Cat5e yana ɗaukar gigabit ɗaya har nisan mita 100, ba ruwansa da bango ko maƙwabta, kuma kusan kowace kwamfutar tebur tana da raminsa tun daga masana'anta. Mai shagon da ke yi wa mutane rajista a intanet, ko mai taron bidiyo kullum, ya fara auna tsawon kebul ɗin da zai ishe shi kafin ya tambayi farashin adafta.