Abin da na koya kafin na ajiye diga

Na sauka daga jagorancin rukunin gyaran turbar keken dutse (hanyar hawa keke a tudu da daji) na ƙungiyarmu ta 'yan sa kai, kuma tunda kowa na tare ni shi kaɗai yana tambayar dalili, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Diga da shebur ba su gajiyar da ni ba. Gangaren nan da ya haɗa turbar sama da ta ƙasa shi ne mafarin komai, kuma waɗanda suka haƙa shi tare da ni sun san wanda nake nufi.

Duk wanda ya daɗe a aikin turbar keken dutse ya san ruwan sama ake fara yi wa lissafi kafin a yi wa mai keke. Ƙungiyar masu hawan keken dutse ta ƙasa da ƙasa, wato IMBA, wadda aka kafa a Amurka a 1988, ta daɗe tana koyar da ƙa'idar rabi: gangaren turba kada ya wuce rabin gangaren tudun da take ratsawa. In tudu yana sauka kashi 20 cikin 100, turbar ta tsaya a kashi 10 ko ƙasa da haka. Da zarar ta wuce nan, ruwa ya daina tsallaka ta, ya koma bin ta. Haka kuma ana so matsakaicin gangaren turba gaba ɗaya ya tsaya wajen kashi 10, a karkata fuskarta waje kamar kashi 5 don ruwa ya zame gefe, a kuma riƙa sa mata ɗan sauka da ɗan hawa a kai a kai, yadda ruwan da ya shiga ba zai yi nisa ba sai ya sami mafita. Wannan ba ilimin ɓoye ba ne. Shugaban ƙungiyarmu ma ya san shi, don da bakinsa ya sha karanta wa sababbin shiga.

Mun auna tudun da na'urar auna gangare, muka kafa ƙananan tutoci a layin da zai bi gefensa a hankali, ya yi kwana biyu kafin ya sauka. Layin ya fi tsawo, kuma akwai duwatsun da sai an ture. Shugaba ya zo ya duba, ya tsaya a sama ya miƙa hannu ƙasa kai tsaye, ya ce ta nan za a bi. Ya riga ya sa ranar buɗewa, ya gayyaci masu ba da tallafi, kuma yana son wuri ɗaya mai gudu da zai yi kyau a bidiyo. Na ce masa, "Shugaba, layin nan naka gangaren tudun ne da kansa, ruwa zai maishe shi hanyarsa." Ya yi dariya ya ce in bar tsoron ruwa, ai ana iya sa katakon tare ruwa a tsakiya. Na rubuta ƙin amincewata a zauren ƙungiya na waya. Mutum biyu suka sa alamar babban yatsa, shi ke nan.

Muka haƙa. Ranar buɗewa an yi tafi, bidiyon ma ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba.

Ruwa mai ƙarfi na farko ya ja siririn layi a tsakiyar turbar, wanda yatsa zai iya rufewa. Ruwan da ya biyo baya ya faɗaɗa shi. Kafin a jima tayar gaba tana shigewa ramin ta maƙale, saiwoyi sun fito fili suna sheƙi, ƙasar da muka daddage da hannu ta taru can gindin tudu ta toshe magudanar turbar ƙasa. Masu keke kuma ba su da laifi, wuri mai tsananin gangare dole su danne birki, tayar baya ta ja ƙasa ta kwance ta, ruwa ya zo ya kwashe abin da birki ya kwance. Katakon tare ruwan da aka dogara da su suka cika da yashi, ruwa ya bi ta kansu, mahaya suka riƙa kauce musu ta gefe. Turbar da muka yanka daidai faɗin mutum ɗaya ta koma fili mai ramuka uku a jere, ciyawar gefe duk an tattake. Duk ranar aiki a nan muke ƙarewa, muna cike rami kamar mai zuba ruwa a kwando, sauran turbobin da ke buƙatar ɗan shara kawai suna can suna lalacewa.

Sai hukumar da ke kula da dajin ta aiko da gargaɗi, kuma kowa ya san izinin da suka ba mu suna iya janye shi. A taron da aka kira, shugaba ya miƙe a gaban wakilinsu ya ce tsarin turbar ba shi da matsala, rukunin gyara ne bai riƙa share magudanai a kan lokaci ba. Rukunin gyara ni ne da mutanen da suke barin iyalansu da safiyar hutu su zo su ɗauki dutse kyauta. Na ciro waya zan karanta abin da na rubuta tun farko, ya ɗaga hannu ya ce ba lokacin tone-tone ba ne, a duba gaba. Aka duba gaba. Daga baya aka rufe gangaren, muka farfasa ƙasarsa, muka jera duwatsu a cikin ramin don su tare yashi, muka lulluɓe shi da rassa da busasshen ganye. Sabuwar turbar ta bi layin tutocinmu, wasu ma a tsaye muka same su, rana ta ci launinsu. A sanarwar da aka fitar, an gode wa hangen nesan shugabanci.

Yabon bai dame ni ba kamar mutanen da muka rasa. Akwai wata baiwar Allah da ta fi kowa iya karanta ƙasa a cikinmu, tana tsayawa ta kalli tudu ta gaya maka inda ruwa zai taru kafin a ciro na'ura. Bayan taron nan ba ta sake zuwa ba, kuma ba wanda ya kira ta. Shugabanni irin namu suna ganin aikin sa kai kyauta ne tunda ba a biya, don haka ba sa jin zafin kashe shi a banza. Da ɗan kwangila ne ya haƙa gangaren nan sau biyu, da an zauna an tambayi wanda ya ja layin. Gaskiya dai, mutumin ya iya nemo tallafi, kuma shi ya yi zirga-zirgar da ta samo mana izinin dajin tun asali. Wannan ne ya sa ba mai iya ce masa a'a, shi kuma ya ɗauka iya zama da jami'ai ɗaya ne da iya karanta tudu.

Ga wanda zai gaje ni: duk layin da za a haƙa, a rubuta awonsa da sunan wanda ya amince da shi a takardar da ke zuwa hannun hukumar daji, domin saƙon waya ba ya kare kowa. Sauran abubuwan kun san su. A yanka faɗin turba gaba ɗaya a jikin tudu, ƙasar da aka tara a gefe aka daddage zamewa take yi. A kankare ganye da baƙar ƙasar sama har sai an kai ƙasa mai tauri. Gefen waje yana tasowa a hankali ya tare ruwa, a riƙa sare shi tun yana ƙarami. Ƙasar da ka dunƙula a hannu ta tsaya ba ta ɗiga ba, ita ce ta yin tudun kwana, wato tudun da ake tayarwa a gefen kwana don keke ya jingina. Sabon shiga a ba shi McLeod, wato faffaɗar fartanya mai haƙoran manjagara a ɗaya gefen, ya gyara fuskar turba da kansa, in ka bar shi yana tura baro yini guda ba zai dawo ba. Pulaski kuwa gatari ne ta gefe ɗaya, tun asali don kashe gobarar daji aka yi shi, a ba mai riƙe da shi fili sosai. Wanda ya zo hawa turba tana laka, a gaya masa cikin mutunci cewa yana ɓata ta, galibi bai sani ba ne.

Makullin rumbun kayan aiki yana hannun ma'aji, an wasa komai, sai shebur ɗaya da ƙotarsa ta tsage. Zan ci gaba da hawa, in na ga magudana ta toshe zan share ta da ƙafa kamar kowa. Na kuma ji ana maganar sabon gangare a ɗaya gefen tudun, har an sa ranar buɗewa. Ban ji an ce wani ya je ya auna ba.