Dattijon da ya zo neman Louis Hébert

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cin abinci da sana'ar tono salsalar mutane a birnin Montreal na Kanada. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne, mu uku: ni, da wata 'yar ƙasa da ta ƙware a tsoffin takardun gado da na filaye, sai yaron da ke zuba bayanai a kwamfuta. Faransancin da na koya a Damagaram ne ya buɗe mini ƙofa, amma sai da na shekara biyu ina tuntuɓe kafin idona ya saba da rubutun limaman coci na ƙarni na 17, wanda wani sa'in sai ka ce kaza ce ta yi tono a kan takardar.

Rabin masu zuwa wurinmu daga Amurka suke. Tsakanin 1840 da 1930 Faransawan Kebek, lardin da Montreal take cikinsa, kusan dubu 900 suka tsallaka neman aiki a masaƙun arewa maso gabashin Amurka, a can kuma sunaye suka juye: Roy ya koma King, Leblanc ya koma White. Jikokinsu ne yanzu ke dawowa da tambaya.

Bara wani dattijo ya zo, sunan gidansu Hébert, ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Shi dai jinin Louis Hébert ne, takardar shaida kawai yake so mu haɗa masa. Na gane dalilin kwaɗayin. Louis Hébert mai harhaɗa magani ne daga Paris, ya sauka garin Kebek a 1617 da matarsa Marie Rollet da 'ya'ya uku, shekara tara bayan Samuel de Champlain ya kafa garin. Su ake ƙirgawa a matsayin iyalin Turawa na farko da suka zauna suka kama noma a nan. Ya rasu a 1627 bayan ya zame a kan ƙanƙara.

Na ce masa, “Baba, zauna tukuna mu yi lissafi.” Ɗa namiji ɗaya Louis ya bari, Guillaume. Ɗan Guillaume, Joseph, ya mutu a hannun 'yan ƙabilar Irokwa, mutanen asalin yankin, ɗan da ya bari kuma bai yi tsawon rai ba. Sunan ya yanke a nan. Zuriyar tana da yawan gaske, amma ta mata ta biyo, musamman ta Guillemette da ta auri Guillaume Couillard a 1621 suka haifi goma. Wanda ya amsa Couillard ya fi kusa da gidan nan a kan mai amsa Hébert. Dattijo ya yi shiru, ya ce in bincika dai.

Ba daga sama muke farawa ba, daga mai rai muke komawa baya, aure bayan aure. Abin da ya sa Kebek ta yi daɗin aiki shi ne rajistar coci ta baftisma da aure da jana'iza, wadda ake rubutawa kwafi biyu. Takardar aure takan ambaci iyayen ango da na amarya, mace kuma da sunan gidan ubanta ake rubuta ta har ta mutu. Kowane aure sai ya miƙa ka ga wanda ke gabansa. Jami'ar Montreal ta tattara tsoffin rajistocin a rumbun intanet, akwai kuma ƙidayar da Jean Talon, wakilin sarkin Faransa a Kebek, ya yi a 1666, mutum 3,215 kacal. Duk da haka ba na sa hannu sai na ga hoton ainihin shafin. Na taɓa dogara da bishiyar zuriya da wani ya ɗora a intanet, na haɗa mutum da kakan da ba nasa ba, na mayar da kuɗi da kunya.

Ko rajistar ma ba duka ake rufe ido a kanta ba. Gobara ta cinye cocin Kebek da littattafansa a 1640, limamai suka sake rubuta su daga abin da mutane suka tuna. Ga kuma laƙabi, mutum ɗaya yau ya fito da sunan uba, gobe da sunan da aka laƙaba masa a soja.

A takardun gidan Couillard ne na fara cin karo da Olivier Le Jeune, yaron Afirka da aka kawo bawa, aka yi masa baftisma a 1633, ya rasu a 1654. Babu wanda ya taɓa biyan mu don mu neme shi. Nakan tsaya a kan sunansa duk sanda na wuce.

Wata uku muka yi a kan dattijon. Layin ubansa bai bi ta Kebek na farko ba sam, ya nufi Port-Royal a Akadiya, yankin gabar teku a gabashin Kanada, wurin wasu Hébert dabam, mutanen da Turawan Ingila suka kora daga ƙasarsu a 1755. Na buga masa waya ina ɗari-ɗari. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, na tura masa shafukan. Kwana huɗu ban ji ɗuriyarsa ba, sai ga ragowar kuɗin, da saƙo cewa mu koma ɓangaren mahaifiyarsa. Yanzu muna kan kaka na bakwai, an maƙale a kan wani aure da limamin ya manta bai rubuta iyayen amarya ba.