Memorin waya da na sa wa fayawol ɗina, da yadda muka ƙare

Akwai wata 'yar akwati da nake amfani da ita a matsayin fayawol a shagonmu, wato mai gadin da ke tace abin da ke shiga da fita ta intanet ɗinmu, irin allon nan APU2 na PC Engines, ba ta kai littafin rubutu girma ba, ba fanka ba ƙara, shiru take aikinta. Ranar da zan saka mata pfSense, manhajar da ke yin aikin fayawol ɗin, ban tsaya dogon tunani ba, na zaro memorin tsohuwar wayata mai giga 16 na sa a adafta na cusa a ramin SD, a raina na ce ai fayawol ne kawai, ba fim zai ajiye ba balle hotuna.

Ta yi wajen wata bakwai lafiya lau. Wata ranar Asabar aka ɗauke wuta, yaron shago ya tada janareto, komai ya dawo amma banda intanet. Na jona kebul ɗin siriyal na duba, sai ga ta tana ta fsck, wato ƙoƙarin duba fayiloli da gyara su, tana sake tashi, tana fsck tana sake tashi, memorin ta ƙi karɓar rubutu kwata-kwata. Kwastomomi na zaune suna kallona ni kuma gumi kawai nake.

Abin da ban lura da shi ba tun farko shi ne fayawol ba ya hutawa da rubutu. Duk wata hanya da ya toshe sai ya rubuta a log, wato kundin da yake ajiye bayanin abin da ya faru, ga jadawalin zirga-zirga da yake sabuntawa kowane minti, ni kuma da ƙarin neman suna na ɗora pfBlockerNG mai toshe talla da miyagun adireshi a kai, har na fara wasa da Suricata mai sa ido kan masu kutse, su ma duk rubutun suke ƙarawa. Shi kuwa filash, abin da ake yin memori da shi, kowane ƙwayarsa akwai iyakar sau nawa za a goge a sake rubutawa, irin SLC na da can yana kai wa kusan sau 100,000, amma TLC ɗin da ke cikin yawancin memorin kasuwa 'yan dubbai ne kawai ko ƙasa da haka. Kuma memorin waya ba ta da wayon rarraba rubutu kamar SSD, sannan ba ta da SMART da za ta faɗa maka ta kusa gajiya, rana ɗaya kawai za ka wayi gari ta mutu. Ga kuma matsalar jabu, wadda za a rubuta giga 32 a jiki alhali cikinta ko 8 bai kai ba, shi ya sa yanzu duk wadda na saya sai na bi ta da H2testw, manhajar da ke gwada ainihin girmanta, tukunna.

Mutanen da suka yi zamanin tsofaffin allunan ALIX na PC Engines da katin CompactFlash sun fi mu sanin wannan, lokacin akwai sigar pfSense ta NanoBSD da aka gina musamman don ta rage rubutu a kan kati. pfSense sun daina fitar da ita tun siga ta 2.4 a 2017, OPNsense kam, wata manhajar fayawol irin pfSense, har yanzu suna da nano ɗinsu.

Ni dai abin da na yi, na nemo ƙaramar SSD ta mSATA mai giga 32, dama allon yana da raminta a ciki ni ne rowa ta hana ni. Na sake saka komai a kan tsarin ajiye fayiloli na ZFS, don ya fi tsarin UFS jure ɗaukewar wuta ba zato, wanda a nan wajenmu ai kullum ne. Na kuma kunna RAM disk na /tmp da /var, wato yawan rubutun nan ya riƙa zuwa RAM maimakon SSD, duk da in wuta ta tafi wasu log ɗin na ƙarshe suna bin ta, ban damu ba. Wanda akwatinsa memorin eMMC ce a manne da allo shi ya fi buƙatar wannan saitin ma, don in ta ƙone ba cirewa za ka yi ka sa wata ba.

Allah ya taimake ni ina da kwafin config.xml, fayil ɗin da ke ɗauke da duk saitin fayawol ɗin, a laftof, minti kaɗan duk dokokina suka dawo. Saura UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, shi ne har yau ban saya ba, kowane wata sai in ce wata mai zuwa.